Wa ya ƙirƙiro, wa ya kwaikwaya a na'urorin gem?

Tambaya: Malam, ni da wani abokina mun daɗe muna gardama. Shi ya ce duk wani sabon abu da ke jikin na'urorin gem Nintendo ce ta ƙirƙiro shi, Sony da Microsoft kwaikwayo kawai suke yi. Ni kuma na ce Sega ce ta riga kowa, rashin sa'a ce kawai ta kayar da ita. Tunda ka daɗe kana gyaran waɗannan na'urori, wa ya fi gaskiya a cikinmu?

Amsa: Ƙanena, wannan gardama ta girme ku, kai da abokin naka. Tun farkon shekarun 1990, lokacin da Mega Drive ta Sega da Super Nintendo ke kokawa a kasuwa, yaran makaranta a Amurka da Ingila ke yin ta. Yau waɗancan yaran sun fara furfura, amma ba su ajiye ta ba, kowa na jifan ɗan'uwansa da hoton wata tsohuwar na'ura da shekarar da ta fito. Abin da ya hana ta mutuwa shi ne mutum biyu kan faɗi kalma ɗaya alhali kowa da abin da yake nufi. Idan kai ka ce "ƙirƙira", kana nufin wanda ya riga kowa fito da abu. Idan abokinka ya faɗe ta, yana nufin wanda ta hannunsa abin ya shiga gidajen mutane. To ta yaya za ku haɗu?

Bari mu fara da abin da ke ƙarƙashin babban yatsanka na hagu a hannun gem, wato abin da kake riƙewa kana sarrafa wasa, maɓallin nan mai siffar alamar tarawa. Masoya Nintendo za su ce nasu ne, kuma ba ƙarya suka yi ba: a 1982 ya bayyana a jikin wata 'yar na'urar aljihu ta Game & Watch mai wasan Donkey Kong, daga sashen da injiniya Gunpei Yokoi ke shugabanta. Sai na ɗaya ɓangaren su miƙe su ce ai tun 1979 hannun wata na'ura mai suna Intellivision na da wani zagayayyen faifai da ake dannawa da yatsa, mai gane fuska 16. Su ma gaskiyarsu. Amma wanda ya taɓa riƙe hannun Intellivision ya san yatsa ba ya sanin inda yake a kan faifan sai ido ya taimaka masa. Alamar tarawar nan kuwa, ko a duhu yatsanka ya san sama ya san ƙasa. Da Famicom, na'urar gida ta Nintendo, ta fito a Japan a watan Yulin 1983 da shi a kowane hannu, magana ta ƙare. Nintendo ta yi wa siffar rajista, shi ya sa kowane abokin hamayya ya nemi tasa: Sega ta zagaye nata, Sony ta raba nata gida huɗu. Kwance notinan bayan hannun PlayStation ka buɗe ka gani. Kibiyoyin nan huɗu da kake zaton kowacce zaman kanta take yi, a ƙasa roba ɗaya ce haɗe, murfi ne kawai ya raba su a ido.

Inda aka fi ta da jijiyar wuya shi ne sandar analog, 'yar sandar nan da ke gane nisan da aka tura ta, kuma nan ne ya kamata mu ɗan zauna. Abokinka zai ce Nintendo 64, Yunin 1996. To, a 1982 na'urori biyu a Amurka, Atari 5200 da Vectrex, duk suna da sandar da ke gane nisan da ka tura ta, ba gefen kawai ba. Ta Atari ɗin ma ba ta komawa tsakiya da kanta idan ka sake ta, abin da ya sa 'yan wasa suka tsane ta. Idan kuma aka ce ai waɗannan da hannu ake riƙe su, ba da babban yatsa ba, akwai amsa: a 1989 wani kamfanin Japan mai suna Dempa ya fitar da hannu mai suna XE-1 AP wanda ke aiki da Mega Drive, kuma sandarsa ta babban yatsa ce. Shekara bakwai ke nan kafin Nintendo 64. Wannan ita ce hujjar da masoya Sega ke ajiyewa a aljihu, duk da cewa ba Sega ce ta ƙera shi ba. Ita Sega kanta ta fitar da nata hannun mai analog don na'urarta Saturn a Yulin 1996, tare da wasan Nights, kimanin mako biyu bayan fitowar Nintendo 64.

Wani abin ban dariya ma, sandar Nintendo 64 ɗin a cikinta ba analog ba ce a ma'anar masu lantarki. In ka buɗe ta za ka tarar da wasu 'yan tayoyi biyu masu tsaga-tsaga a baki, kowacce na juyawa tsakanin fitila da idon da ke ganin haske. Ka tura sanda, taya ta juya, na'ura ta ƙirga tsaga nawa suka gitta. Dabarar tsohon linzamin kwamfuta ce mai ƙwallo a ciki, ba ragi ba ƙari.

To me ya sa duk da haka sunan Nintendo ne ya manne da abin? Saboda wasanni 'yan ƙalilan ne suka san da zaman XE-1 AP, kuma sai ka fitar da kuɗi daban ka saye shi. Na Saturn ma haka, kayan ƙari ne. Nintendo kuwa ta sa sandar a tsakiyar hannun da ke cikin kowane kwali, ta kuma fito da Super Mario 64 ranar farko, wasan da in ka tura sanda kaɗan Mario ya yi sanɗa, in ka tura ta duka ya ruga. A nan gizo ke saƙa. Mai haɗa wasa ba zai gina wasansa a kan abin da ba kowane mai na'ura ke da shi ba, don zai rage wa kansa masu saye. Abin da ke cikin kwali shi ne yake da tabbacin kowa na da shi. Shi ya sa ni in ana wannan gardama ba na fara tambayar wace shekara abu ya fito. Tambayata ita ce: a cikin kwali ya zo ko a rataye yake a shago da farashinsa daban? Sannan akwai wasan da ba ya yiwuwa sai da shi?

Yanzu juya wannan ma'auni a kan abokinka. Hannun da yake riƙewa yau, ko na wane kamfani ne, sanda biyu gare shi, ba ɗaya ba. Wannan tsari na Sony ne. A Afrilun 1997 ta fitar da Dual Analog, a ƙarshen shekarar ta biyo da DualShock, daga baya ta mai da shi hannun da ke zuwa a kwalin PlayStation. A 1999 wasan Ape Escape ya fito wanda ba ya buguwa sam sai da sandunan biyu. Tafiya da hagu, juya kai da dama, abin da yaro ɗan shekara bakwai ke yi yau ba tare da tunani ba, da farko har masu sharhin wasanni sun yi ƙorafi cewa ya yi wuya, kafin wasan Halo ya zo a Xbox ta Microsoft a 2001 ya saba wa mutane da shi. Nintendo ba ta sa cikakkiyar sanda ta biyu mai girman ta farko a ainihin hannun da ke zuwa a kwalin na'urarta ba sai a Wii U, 2012. A wannan fagen wa ya bi wa?

Maganar jijjiga kuwa kusan kunnen doki ce. Rumble Pak na Nintendo ya fito a Japan a Afrilun 1997 tare da Star Fox 64, wani ɗan akwati da ake cusawa a ƙasan hannu, da batir biyu nasa. A watan nan dai Dual Analog na Japan ya fito da jijjiga a cikinsa. DualShock ya inganta abin, ya kuma daina buƙatar batir. Buɗe shi ka ga dabarar: a kowace ƙafa akwai ɗan inji mai juya wani guntun ƙarfe da aka ɗaura a karkace, na hagu babba mai nauyi, na dama ƙarami. Babban ke ba ka rugugin fashewa, ƙaramin ke ba ka tsuwar nan mai kaifi. Amma ka san wanda kotu ta ce shi ke da haƙƙi? Ba ɗaya daga cikinsu. Wani kamfanin Amurka ne mai suna Immersion ya maka Sony da Microsoft a kotu a 2002. Microsoft ta sasanta da dala miliyan 26. Sony ta tsaya shari'a, a 2004 aka yanke mata biyan dala miliyan 82, kuma PlayStation 3 ta fito a 2006 da hannun da ba ya jijjiga. Sai da aka sasanta a 2007 jijjigar ta dawo.

Akwai kuma ƙirƙirar da masu gardama ba sa ƙirgawa saboda ba ta da maɓallin da za a nuna a hoto, kuma a ganina ita ce mafi girman abin da Sony ta yi. Ba ita ta fara sa faifan CD a na'urar gem ba. NEC ta riga ta, da abin karanta CD da ake jona wa PC Engine a ƙarshen 1988, Sega ta biyo da Mega-CD a 1991. Dukkansu dai kayan ƙari ne, ka ga maganar kwali ta sake dawowa. Ita Sony ma ta ƙofar Nintendo ta shigo harkar: injiniyanta Ken Kutaragi ne ya jagoranci ƙera ƙwaƙwalwar sauti ta Super Nintendo, kuma kamfanonin biyu sun ƙulla yarjejeniyar yin na'ura mai CD tare. A baje kolin kayan lantarki na Chicago a Yunin 1991 Sony ta sanar da na'urar, washegari Nintendo ta sanar cewa ita da Philips za ta yi aiki. Wannan wulaƙanci a bainar jama'a ne ya haifi PlayStation, wadda ta fito a Japan ranar 3 ga Disamban 1994.

Ba girman faifan kaɗai ne abin dubawa ba, ko da yake bambancin ya isa a faɗa: CD na ɗaukar megabayit 650, kaset ɗin Super Mario 64 kuwa megabayit 8 ne, mafi girman kaset ɗin da aka taɓa yi wa Nintendo 64 kuma 64. Babbar maganar ta kasuwanci ce, kuma duk ɗan kasuwa zai gane ta. Kaset na da tsadar bugawa, ana daɗewa kafin a kawo, kuma mai wasa zai zuba kuɗi tun kafin ya san ko kasuwa za ta karɓa. In ya yi odar da yawa bai sayar ba, jarinsa ya kwanta a sito. In ya yi kaɗan wasan ya karɓu, kafin a sake bugowa masu saye sun huce. Faifai kuwa araha ne, in ya ƙare a shago a buga wani cikin ɗan lokaci. Wannan ya ba ƙananan kamfanoni damar gwada abin da da can ba za su yi kasadarsa ba, ya kuma sa manya suka sauya sheƙa. Square, mai haɗa wasanni, wadda duk wasanninta na Final Fantasy na baya a na'urorin Nintendo suka fito, ta kai na bakwai PlayStation a 1997 a kan faifai uku. Ƙarshenta PlayStation ta haura miliyan 100, Nintendo 64 ta tsaya a kusan miliyan 33. Sai PlayStation 2 ta zo a 2000 tana kunna DVD a kan dala 299, lokacin da abin kunna DVD shi kaɗai ba shi da araha, ta zama na'urar da aka sayar fiye da miliyan 150. Wanda ya ce wannan duka kwaikwayo ne, to bai taɓa riƙe jari ba.

Na zo kanka kai mai Sega. Kana da hujja mai ƙarfi a Dreamcast, wadda ta fito a Japan a Nuwamban 1998, a Amurka kuma ranar 9 ga Satumban 1999. Modem, wato abin jona na'ura da intanet ta layin tarho, a cikin kwali, katin ajiya mai ɗan allonsa da ake cusawa a hannu, da Phantasy Star Online a ƙarshen 2000, inda masu na'urar gem daga ƙasashe daban-daban suka haɗu a wasa ɗaya. Ko nan ma in riga-riga ake bi, akwai waɗanda suka gabace ta: GameLine na saukar wa masu Atari 2600 wasa ta layin tarho a 1983, Famicom ta samu modem a 1988 wanda har cinikin hannun jari aka yi da shi, Sega kanta ta yi Meganet a 1990. Amma a ma'aunin kwali, Dreamcast ce ta farko, wannan na ba ka.

Abin da ban ba ka ba shi ne maganar rashin sa'a. Kafin Dreamcast, Sega ta gajiyar da masoyanta da 'yan kasuwa. Mega-CD a 1991, 32X a ƙarshen 1994, Saturn a daidai wannan lokaci a Japan: mai saye bai san wacce zai bi ba. Saturn na da manyan ƙwaƙwale biyu na Hitachi da masu haɗa wasanni suka sha wuyar sa su aiki tare. Sannan a baje kolin E3 na Mayun 1995 Sega ta ba da mamaki ta ce Saturn na kasuwa tun yau a Amurka, dala 399, ta hannun wasu zaɓaɓɓun shaguna, abin da ya fusata sauran dilolin da aka bari a baya. A wannan taron dai wani jami'in Sony ya hau dandali ya faɗi farashin PlayStation, 299, ya sauka. Lokacin da Dreamcast ta zo, amana ta riga ta zube, PlayStation 2 kuma na tafe. A Maris ɗin 2001 aka daina ƙera ta. Watanni takwas bayan haka Xbox ta fito da ma'ajiyar bayanai a cikinta da ƙofar intanet mai sauri, a Nuwamban 2002 aka buɗe Xbox Live, tsarin buga wasa da wasu ta intanet. Microsoft ta yi caca cewa intanet mai sauri zai wadatu a gidajen Amurka, kuma ta ci. Sega ta share gona, wani ya shuka daidai faɗuwar damina.

Lokaci da farashi, su ne abin da Yokoi ya gane tun da wuri. Yana da wata aƙida da aka san shi da ita a Japan: ka ɗauki fasahar da ta tsufa, ta yi araha, aka san halinta, ka nema mata sabon aiki. Mu a nan sai mu ce da tsohuwar zuma ake magani. Game Boy ta fito a 1989 da allo marar launi, kore-kore, ba fitila. A shekarar Atari Lynx ta fito da launi, Game Gear ta Sega ta biyo a 1990, ita ma da launi da fitila. A takarda sun fi ta nesa ba kusa ba. Amma Game Gear na shanye batir shida cikin awa uku zuwa biyar, Game Boy kuwa batir huɗu ke kai ta fiye da awa goma. Uban da ke sayen batir ya san wacce ta fi. Game Boy da ƙanwarta mai launi sun haura miliyan 118. Masoya Sega har yau suna cewa tasu ta fi ci gaba, kuma in ci gaba shi ne allo, haka ne. Sai dai kada abokinka ya yi murna da yawa: sashen Yokoi ɗin nan ne ya fito da Virtual Boy a 1995, tabarau mai ja da baƙi da ake leƙawa a kan tebur, wanda bai kai miliyan ɗaya ba aka janye shi.

Ma'aunin kwalin nan nawa ma yana da inda yake karyewa, kuma gara in nuna maka da kaina. Wii ta Nintendo ta fito a 2006 a kan dala 250. A cikinta ba ta yi wa GameCube, na'urar Nintendo da ta gabace ta, nisa ba, har wani mai haɗa wasanni ya yi mata ba'a a 2007 cewa GameCube biyu ce aka ɗaure da salatif. Wasa da motsin jiki ma ba sabo ba ne: akwai safar Power Glove a 1989, zoben Activator na Sega a 1993, kyamarar EyeToy ta Sony a 2003. Wii ta sa shi a kwali, ta haɗa da Wii Sports a ƙasashen da ba Japan ba, tsofaffin da ba su taɓa riƙe hannun gem ba suka tashi suna buga tanis a falo, ta haura miliyan 101. Har nan ma'auni ya yi aiki. Amma a 2013 Microsoft ta sa kyamarar Kinect a kowane kwalin Xbox One, farashi ya zama dala 499 alhali PlayStation 4 na 399, kuma babu wasan da zai sa mutum ya ce ƙarin ɗarin nan ta biya. A 2014 ta cire ta daga kwalin. Wii U ma hannunta mai babban allo a kwali yake, amma ta tsaya a miliyan 13 da rabi. Kwali ba tare da wasa ba, nauyi ne kawai aka ƙara wa mai saye.

Daga tokar Wii U ɗin ce Switch, wadda ake bugawa a hannu ake kuma jona ta da talabijin, ta tashi a Maris ɗin 2017, kuma nan ma gardamar ta sake tashi. An tono TurboExpress ta 1990 mai cin katunan wasa iri ɗaya da na'urar gida, an tono Nomad ta Sega ta 1995, wadda Mega Drive ce ta hannu da ake iya jona wa talabijin. Duk gaskiya ne. Abin da Nomad ba ta da shi shi ne batirin da zai riƙe ta, da ƙwaƙwalwa irin ta wayar hannu da kamfanin Nvidia ya yi, wadda ke cikin Switch, wadda ba ta cin wuta sosai. Lura kuma da wannan: kaset ɗin da ya jawo wa Nintendo asarar Square, shi ta dawo da shi a Switch a siffar ɗan kati, saboda yanzu ma'ajiya ta yi araha. Jiran wasa ya buɗe, wanda faifai ya kawo, shi ne kuma PlayStation 5 da Xbox Series suka zo a 2020 suna alfaharin kawarwa da ma'ajiyarsu mai sauri. Mai Mega Drive na 1990 bai san wannan jira ba tun farko.

Gardamar lambobi kuwa ba zan ɓata maka lokaci a kanta ba. Sega ta yi tallar wani abu da ta kira Blast Processing, wanda in ka tone shi mafi yawansa shi ne ƙwaƙwalwar Mega Drive ta Motorola 68000 na gudu a megahaz 7.6, ta Super Nintendo kuwa ba ta wuce 3.58 ba, alhali Super Nintendo ta fi ta yawan launi da dabarar juya hoton ƙasa. Atari ta kira Jaguar mai bit 64 a 1993, kasuwa ba ta kula ta ba. Yau kuma ana cewa teraflop 12 da teraflop 10, wato ma'aunin saurin lissafin na'ura, alhali in ka buɗe PlayStation 5 da Xbox Series X duk ƙwaƙwalwar AMD za ka tarar, zubi ɗaya, dangi ɗaya. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Wadda ta yi ƙirƙirar gaske a ƙwaƙwalwa ita ce Sony, da ƙwaƙwalwar PlayStation 3 mai suna Cell, wadda ta yi tare da IBM da Toshiba, kuma ta ɗanɗana kuɗarta: na'ura mai dala 599, da masu haɗa wasanni da suka shafe shekaru suna koyon sarrafa ta. Tun daga 2013 ba ta sake wannan kasada ba.

In kuma da gaske riga-riga kuke so, to ku duka biyun kun makara. Na'urar gem ta gida ta farko ita ce Magnavox Odyssey ta 1972, daga aikin Ralph Baer, kuma har bindigar harbin allo tana da ita. Kaset mai ɗauke da wasa a cikinsa kuwa Fairchild Channel F ce ta fara kawo shi kasuwa a 1976, shekara guda kafin Atari 2600, ƙarƙashin jagorancin Jerry Lawson, ɗaya daga cikin tsirarun injiniyoyi baƙar fata a wannan fagen a lokacin. Ba Nintendo, ba Sega, ba Sony.

Mu da muka san abin ta nan, tarihin ya zo mana a wani tsari daban, kuma yana da kyau ka tuna haka kafin ka ari fushin wasu. Da yawanmu na'urarmu ta farko kwafin Famicom ce daga Asiya, mai kaset rawaya da aka rubuta wa wasanni dubbai alhali 'yan kaɗan ne ke maimaita kansu. In ka buɗe irin na baya-bayan nan, na'urar gaba ɗaya ɗigon baƙin gam ne guda a kan allon lantarki. Daga nan sai gidan gem, benci, janareta na ƙara a waje, ana biya a buga ƙwallo, wanda aka ci ya miƙa hannu ga na gaba. Mai gidan gem bai taɓa tambayata wa ya fara sandar analog ba. Tambayarsa ita ce wace na'ura ke jure zafin Afrilu da ƙurar hunturu, kuma wane hannu ne zai kai wata shida a hannun yara. Wannan ma ma'auni ne, kuma kamfanoni sun san nauyinsa: a 2007 Microsoft ta ware fiye da dala biliyan ɗaya don gyaran Xbox 360 da ke mutuwa da jajayen fitilu uku.

Tunda ka tambaye ni a matsayin mai gyara, ga abin da ke kan teburina. Aikin da aka fi kawo min yanzu shi ne hannun da ɗan wasa ke tafiya shi kaɗai ba a taɓa sanda ba, kuma ba na ware wani kamfani, iri-iri ake kawowa. Ka cire hular sandar, ka ɓalle ɗan murfin gefe, za ka ga wani siririn harshen ƙarfe da ke gogar baƙin zanen gawayi mai lanƙwasa. Da wannan gugar na'ura ke sanin inda sanda take. Yau da gobe zanen ya cinye, garinsa ya haɗu da ƙura, lissafi ya rikice. Maganin da ake tallatawa yanzu a matsayin sabuwar fasaha shi ne sanda mai maganaɗisu, wadda wani ɗan ido ke auna matsayinta ba tare da komai ya gogi komai ba. Ana sayar da ita daban, a narke dalmar tsohuwar a cire, a dasa ta. Duk lokacin da na dasa ɗaya sai na tuna cewa irin wannan sanda ce a hannun Saturn na 1996 ɗin nan, ita ce kuma a kowane kwalin Dreamcast tun 1998. Wannan kam kai wa abokinka ita, ka ce ya kawo ta Nintendo.